Mece ce aƙidar Hoja, kuma me ya raba ta da ta Mao?

Tambaya: Malam, a karatun da nake yi kan tarihin kwaminisanci na ci karo da wasu jam'iyyu da ake cewa mabiya Enver Hoxha na Albaniya ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda suke sukar Tarayyar Sobiyet da ƙasar Sin baki ɗaya, alhali su ma 'yan kwaminis ne. Wace irin aƙida ce wannan, daga ina ta fito, kuma me ya bambanta ta da ta Mao?

Amsa: Bari mu fara da sunan, domin yadda ake rubuta shi yana ruɗa mai karatu. A harshen Albaniya haruffan "xh" suna ba da sautin "j", saboda haka Hoja ake faɗa, kuma haka zan riƙa rubuta shi. Asalin kalmar daga Turkanci take, ma'anarta malami, domin Hoja, wanda aka haifa a garin Gjirokastër a 1908, ɗan gidan Musulmi ne. Ya tafi karatu Faransa a 1930, ya dawo ya koyar da Faransanci, ya shiga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar kwaminis ta Albaniya a Nuwamban 1941, ya kuma riƙe ƙasar daga ƙarshen 1944 har mutuwarsa a Afrilun 1985. Ya kamata ka sani tun yanzu cewa mabiyansa ba su cika kiran kansu da sunansa ba. A wurinsu su ne mabiya Marx da Lenin na haƙiƙa, malamansu huɗu ne, wato Marx da Engels da Lenin da Stalin, kuma Hoja bai kawo sabon abu ba, tsare tsohon ya yi lokacin da kowa ya watsar. Wannan da'awar ita ce zuciyar aƙidar.

Kalmar da dukkan rigimar take zagayawa a kanta ita ce wadda za mu iya fassarawa da yi wa aƙida kwaskwarima. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 aka fara jifar wani Bajamushe, Eduard Bernstein, da ita, saboda ya ce ma'aikata za su iya samun biyan buƙatarsu sannu a hankali ta hanyar zaɓe da majalisa ba tare da juyin juya hali ba. Daga nan kalmar ta zama zagi mafi muni a tsakanin 'yan gurguzu. Mai karatu Bahaushe zai fi saurin gane nauyinta idan ya tuna yadda kalmar bidi'a take aiki a muhawarar malamai, ko da yake ba ina daidaita addini da siyasa ba ne, siffar zargin kawai nake nufi: ba cewa ake yi ka fita daga gida ba, cewa ake yi kana cikin gida kana canja tushensa, kana kuma rantsuwa cewa ba ka taɓa komai ba. Saboda haka ne ɗan kwaminis irin Hoja yake ganin ɗan kwaskwarima ya fi ɗan jari-hujja haɗari.

Ba za a fahimci dalilin da ya sa Albaniya ta zama cibiyar wannan ra'ayi ba sai an dubi taswira. Ƙasa ce ƙarama mai duwatsu, faɗinta bai kai murabba'in kilomita 29,000 ba, wato ta fi jihar Kano girma amma ba ta kama ƙafar jihar Kaduna ba, kuma mutanenta ba su kai miliyan biyu ba a 1960. Italiya ta mamaye ta a 1939, Girka tana da da'awa a kan kudancinta, Yugoslabiya kuma, wadda 'yan kwaminis ɗinta suka taimaka wajen kafa jam'iyyar Hoja, ta ɗauke ta kamar ƙanwa da za a haɗe cikin gida. Bayan yaƙin duniya na biyu an yi nisa da shirin haɗa tattalin arzikin ƙasashen biyu, kuma mutumin da Tito, shugaban Yugoslabiya, ya fi amincewa da shi a Tirana, babban birnin Albaniya, shi ne ministan cikin gida, Koçi Xoxe, ba Hoja ba. Abin da ya ceci Hoja shi ne ɓatawar Stalin da Tito a 1948. Nan take ya kori 'yan Yugoslabiya, a 1949 aka kashe Xoxe, kuma daga ranar Hoja ya ɗaure rayuwarsa ta siyasa da sunan Stalin. Akwai abin mamaki a nan, domin Milovan Djilas, ɗaya daga cikin manyan na hannun daman Tito a lokacin, ya ba da labarin cewa a farkon 1948 Stalin da bakinsa ya ce musu ba shi da damuwa idan suka haɗiye Albaniya.

To, ka ga yadda abin zai kasance a idon Hoja lokacin da Stalin ya mutu a 1953, magajinsa Khrushchev ya tashi takanas zuwa Belgrade a 1955 don sulhu da Tito, sannan a Fabrairun 1956, a babban taron jam'iyya na 20, ya tona asirin kashe-kashen Stalin. Idan an wanke Tito, ke nan an kashe Xoxe bisa zalunci, kuma wanda ya kashe shi ne zai amsa tambaya. A wasu ƙasashen gabashin Turai shugabannin da suka yi irin wannan aiki sun rasa kujerunsu a wannan shekara. Hoja ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, amma maimakon ya shafa wa nasa ruwa ta hanyar sassautawa, sai ya ƙara ƙulle ƙofa. Ban faɗi wannan don in ce babu aƙida a cikin lamarin ba. Khrushchev ya kawo ra'ayoyin da lallai sun saɓa wa abin da aka saba koyarwa: cewa za a iya zaman lafiya na dindindin da ƙasashen jari-hujja, cewa a wasu ƙasashe za a iya kai wa ga gurguzu ta majalisa, daga baya kuma, a 1961, cewa gwamnatin Sobiyet ta daina zama ta ajin ma'aikata ta zama ta dukkan jama'a. Duk wanda ya haddace Lenin yana da hujjar cewa wannan kwaskwarima ce. Abin da nake cewa shi ne, a wurin Hoja tsoron maƙwabci da kishin aƙida sun zo a kwano ɗaya, kuma ba a taɓa iya raba su ba.

An fito fili a 1960. A taron Bucharest na watan Yuni, Khrushchev ya nemi jam'iyyun da suka halarta su yi Allah wadai da Sin, wakilan Albaniya suka ƙi. A wannan shekarar an yi fari a ƙasar, hatsi ya yi ƙaranci, Masko kuma ta ja ƙafa wajen aika alkama. A watan Nuwamba, a gaban wakilan jam'iyyu 81 da suka taru a Masko, Hoja ya tashi ya faɗa wa Khrushchev magana a fuskarsa. Ya tuna masa cewa shi ne ya taɓa ce musu kada su damu da hatsi, domin abin da Albaniya take ci a shekara ɓeraye ne suke cinye shi a Tarayyar Sobiyet, ga shi yanzu ɓerayen suna ci, mutanen Albaniya kuma an bar su da yunwa har sai shugabanninsu sun durƙusa. Sinawa ne suka sayi alkama da kuɗin waje suka aika musu, alhali su kansu suna cikin mummunar yunwa a lokacin. A 1961 Sobiyet ta janye ƙwararrunta da bashinta, ta kwashe mafi yawan jiragen yaƙinta na ƙarƙashin teku daga sansanin Vlorë, Albaniya ta riƙe guda huɗu. A taron jam'iyyar Sobiyet na 22, a watan Oktoba, Khrushchev ya caccaki Albaniya, firaministan Sin Zhou Enlai ya kare ta, ya kai furanni kabarin Stalin, ya koma gida tun ba a rufe taro ba. A Disamba aka yanke hulɗar jakadanci. A cikin wannan zafin ne Hoja ya ce mutanensa za su ci ciyawa idan ta kama, da dai su sayar da kansu.

Sai dai a wannan mataki babu wata aƙida ta daban mai suna ta Hoja. Daga 1961 har tsakiyar shekarun 1970 Albaniya tana cikin sansanin Mao ne, kuma duk jam'iyyun da suka ɓalle daga masu bin Masko a Turai da Latin Amurka suna ɗaukar Beijin da Tirana a matsayin alƙibla ɗaya. Sin ta gina wa Albaniya masana'antu da madatsun ruwa, mafi girma a cikinsu ita ce masana'antar ƙarfe ta Elbasan. Albaniya kuma ta zama bakin Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya, har ƙudurin da ya mayar wa gwamnatin Beijin kujerarta a Oktoban 1971 ana kiransa da sunan Albaniya, domin ita ce a kan gaba wajen gabatar da shi. A 1968, bayan sojojin Sobiyet sun shiga Chekoslobakiya, Albaniya ta fice daga ƙawancen soja na Warsaw a hukumance.

Ɓarakar da ta haifi abin da kake tambaya a kai ta fara ne a Yulin 1971, lokacin da aka sanar cewa Henry Kissinger, mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro, ya je Beijin a asirce kuma shugaban Amurka Nixon zai biyo baya. Hoja ya rubuta wa jam'iyyar Sin wasiƙa yana cewa wannan kuskure ne, ba a kula shi ba, Nixon ya sauka a Beijin a Fabrairun 1972. Daga nan Sin ta fito da ra'ayin da aka sani da duniya uku, wanda Mao ya zayyana wa Kenneth Kaunda na Zambiya a Fabrairun 1974, mataimakin firaministan Sin Deng Xiaoping kuma ya bayyana shi a Majalisar Ɗinkin Duniya bayan wata biyu. Bisa wannan ra'ayi, Amurka da Tarayyar Sobiyet su ne duniya ta farko, ƙasashe masu arziki irin na Turai da Japan da Kanada su ne ta biyu, sauran ƙasashen Asiya da Afirka da Latin Amurka, har da Sin, su ne ta uku. A aikace ma'anarsa ita ce Sobiyet ce babbar abokiyar gaba, don haka duk wanda yake adawa da ita ana iya haɗa kai da shi.

A nan ne, a ganina, Hoja ya yi sukar da ta fi kowace tasa ƙarfi. Ya ce wannan rabo ya share bambancin aji daga lissafi, domin ya zuba mai mulki da wanda ake mulka a buhu ɗaya muddin ƙasarsu matalauciya ce. Idan sarkin Iran da Mobutu na Zayar da Pinochet na Chile duk 'yan duniya ta uku ne masu yaƙi da danniya, to me za a ce wa ma'aikacin da yake cikin kurkukunsu? Kuma ba zato yake yi ba. Mobutu ya sami kyakkyawar tarba a Beijin a 1973, Sin ba ta yanke hulɗa da Chile ba bayan juyin mulkin da ya hallaka shugabanta Allende a wannan shekara, kuma a Agustan 1978 shugaban Sin Hua Guofeng ya ziyarci sarkin Iran, 'yan watanni kafin jama'a su kore shi. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Angola. A 1975, saboda Masko tana bayan MPLA, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suke yaƙin neman mulkin ƙasar, Sin ta sami kanta tana taimakon abokan hamayyarta, wato ɓangaren da Amurka da Mobutu da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suke mara wa baya. Wannan shi ne rikicin da ya sa Janar Murtala ya amince da gwamnatin MPLA, ya kuma yi jawabinsa na Addis Ababa a Janairun 1976. Hoja dai bai goyi bayan kowane ɓangare na manyan ƙasashe ba, domin a wurinsa Amurka da Sobiyet duk kanwar ja ce, kuma ba a jingina da ɗaya don a yaƙi ɗaya.

Mao ya mutu a Satumban 1976, aka kama na kusa da shi su huɗu a wata mai bi. A Nuwamba Hoja ya soki ra'ayin duniya uku a babban taron jam'iyyarsa na 7 ba tare da ya ambaci Sin ba, a Yulin 1977 jaridar jam'iyyar, Zëri i Popullit, ta buga doguwar maƙala tana ragargazarsa, kuma bayan 'yan makonni aka shimfiɗa wa Tito jar darduma a Beijin, abin da ya fi komai ƙona ran Tirana. A Yulin 1978 Sin ta dakatar da dukkan taimako ta janye ƙwararrunta. Wannan ce shekarar da za a iya cewa an haifi aƙidar, domin a cikinta Hoja ya fitar da littafinsa kan mulkin danniya da juyin juya hali, inda ya wuce sukar magadan Mao ya koma kan Mao ɗin kansa, ya ce tun asali shi ba mabiyin Marx da Lenin ba ne.

Ga abin da ya raba su. Na farko shi ne matsayin 'yan jari-hujja na cikin gida. Mao ya koyar cewa a ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka, attajirai masu kishin ƙasa suna da gurbi a cikin juyin juya hali da kuma gwamnatin da za ta biyo baya. Idan ka dubi tutar Sin za ka ga ƙananan taurari huɗu kewaye da babba, kuma bisa fassarar da aka yi musu tun farko suna wakiltar ma'aikata da manoma da masu ƙaramin jari da kuma waɗannan attajirai. Har yau akwai ƙananan jam'iyyu takwas da aka bari suna numfashi a ƙarƙashin jam'iyyar kwaminis. A wurin Hoja wannan kiwon kura ne a garken awaki. Na biyu shi ne wa zai ja gaba. Mao ya gina rundunarsa a karkara da manoma, ya ce ƙauyuka za su yi wa birane zobe, Hoja kuma ya ce ajin ma'aikata ne kaɗai yake jagora, manomi abokin tafiya ne, ko da yake mai lura zai ce yaƙin da shi kansa ya yi a duwatsun Albaniya da 'ya'yan manoma ya yi shi. Na uku, wanda nake ganin ya fi sauran muhimmanci, shi ne yanayin jam'iyya. Mao ya ɗauka cewa ko da yaushe za a sami layi biyu suna kokawa a cikin jam'iyya, kuma wannan kokawar ita ce rayuwarta. Hoja ya ce jam'iyya layi ɗaya gare ta, duk wanda ya kauce maƙiyi ne da ya kutso, ba ɗan'uwa mai wani ra'ayi ba. Saboda haka ne ya ƙi jinin yadda aka gudanar da juyin al'adu na Sin daga 1966, lokacin da Mao ya saki ɗalibai su far wa jami'an jam'iyya, daga baya ya kira soja su kwantar da tarzomar. Sai kuma batun Stalin: Sinawa sun ce ya yi daidai kashi 70 ya yi kuskure kashi 30, Hoja bai yarda a rage masa ko kashi ɗaya mai muhimmanci ba. Mutum-mutumin Stalin ya ci gaba da tsayawa a Tirana har ƙarshen 1990, akwai kuma gari guda da aka sa wa sunansa.

Da aka tara wannan duka, sakamakon da aka cim ma shi ne cewa Yugoslabiya da Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta da Sin da manyan jam'iyyun kwaminis na Italiya da Faransa da Sifen duk sun kauce, kuma Albaniya ce kaɗai ƙasar gurguzu da ta rage a doron ƙasa. Daga nan ne aka ɗaukaka dogaro da kai ya zama rukuni. Kundin tsarin mulki na 1976 ya haramta karɓar bashi daga ƙasashen jari-hujja da na 'yan kwaskwarima, ya kuma hana kamfanoninsu kafa kansu a ƙasar. Bayan 1978 wannan yana nufin babu wanda za a karɓi kwabo daga hannunsa.

Kana da haƙƙin ka tambayi yadda rayuwa ta kasance a ƙarƙashin wannan tsari, domin ba a auna aƙida da littattafanta kaɗai. An yi abubuwan da ba a musunsu: an kai wutar lantarki dukkan ƙauyuka zuwa 1970, an kusa kawar da jahilci a ƙasar da mafi yawan mutanenta ba sa karatu kafin yaƙi, an busar da fadamun da suke haifar da zazzaɓin cizon sauro, mata sun shiga makaranta da aiki. Amma farashin ya yi tsanani. A 1967 aka rufe dukkan wuraren ibada, fiye da 2,000, masallatai da coci-coci da zawiyoyin ɗariƙar Bektashi, wasu aka rushe, wasu aka mayar da su ɗakunan ajiya ko na wasanni, kuma kundin 1976 ya ce gwamnati ba ta amince da kowane addini ba. Wannan a ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, a hannun mutumin da sunan gidansu yake nufin malam. Malamai da limaman coci da yawa sun mutu a kurkuku ko sun yi shekaru da dama a ciki. Hukumar leƙen asiri ta Sigurimi ta sa maƙwabci yana tsoron maƙwabci, ana tura fursunonin siyasa haƙar ma'adinai a Spaç, kuma laifin mutum ɗaya yakan jawo a kori iyalinsa gaba ɗaya zuwa wani ƙauye mai nisa. Talaka ba shi da izinin mallakar mota ko fita ƙasar. A farkon shekarun 1980 aka umarci manoma su miƙa 'yan dabbobin da suka rage musu a gida ga garken gama-kai, da yawa suka gwammace su yanka, nama da madara suka yi ƙaranci na shekaru.

Abin da baƙo yake fara gani a Albaniya har yau shi ne ramukan tsaro. Ka ɗauka an kife ƙatuwar ƙwarya ta kankare da ƙarfe a kan rami, an bar 'yar taga siririya da za a zura bakin bindiga, ciki kuma bai wuce ya ɗauki mutum ɗaya ko biyu ba. An gina irinsu fiye da 170,000, a bakin teku, a tsakiyar gonaki, a kan duwatsu, har a cikin unguwanni, a ƙasar da mutane suke jiran shekaru kafin a ba su ɗakin kwana. Maharan da aka gina su dominsu ba su taɓa zuwa ba.

Ra'ayin layi ɗaya kuma ya cinye masu shi. An kashe ministan tsaro Beqir Balluku a 1975. Mehmet Shehu, wanda ya yi firaminista tun 1954 kuma kowa yake ɗauka shi ne magaji, an tsinci gawarsa a Disamban 1981, aka ce ya kashe kansa, daga baya Hoja ya sanar cewa ashe ɗan leƙen asirin Yugoslabiya da Amurka da Ingila da Sobiyet ne a lokaci guda. A nan ne nake ganin raunin tsarin yake. Idan aƙida ta yanke cewa jam'iyya ba ta kuskure, to duk gazawa sai an nemo mata maci amana, kuma ba a rasa wanda za a nuna wa yatsa. Jam'iyyar da ta toshe kowace ƙofar gyara, saboda ta riga ta sa wa gyara suna kwaskwarima, ba ta da yadda za ta ce mun yi kuskure game da dabbobin manoma ba tare da wani ya rasa kansa ba.

Duk da haka aƙidar ta sami mabiya a waje, kuma Rediyon Tirana yana watsa ta cikin harsuna masu yawa. Bayan 1978 jam'iyyun da a da suke bin Mao sun rabu, kuma kaso mai kauri, musamman a Latin Amurka, ya bi Albaniya: jam'iyyar PCdoB ta Brazil, wadda ta yi yaƙin sunƙuru a yankin Araguaia a farkon shekarun 1970, da ta Ekwado da ta Kolombiya, da wasu a Jamus da Sifen da Turkiyya da Kanada. Dalilinsu a bayyane yake, domin wanda yake ɓoye wa sojojin ƙasarsa ba zai ji daɗin a ce masa waɗannan sojoji abokan tafiya ne a duniya ta uku ba. A Tunisiya jam'iyyar Hamma Hammami, wadda aka kafa a 1986, ta sha ɗauri a hannun shugaba Ben Ali.

A maƙwabtanmu ma abin ya taɓa ƙasa. An kafa jam'iyyar kwaminis ta Dahomey a 1977, lokacin da Mathieu Kérékou ya riga ya ayyana cewa gwamnatinsa ta Benin tana bin Marx da Lenin. Jam'iyyar ta ce wannan gurguzun baki ne, ta yi aiki a ɓoye a cikin ɗalibai da ma'aikata, 'ya'yanta suka cika kurkuku, kuma tana cikin waɗanda suka hura wutar yajin aikin 1989 da ya tilasta kiran babban taron ƙasa na Fabrairun 1990. A Burkina Faso, wadda a lokacin ake kira Upper Volta, an kafa irinta a 1978, kuma ta ƙi shiga gwamnatin Thomas Sankara saboda a ganinta juyin mulkin soja ba juyin juya hali ba ne. A Habasha kuwa, shugabannin 'yan tawayen Tigray, ciki har da Meles Zenawi, sun kafa ƙungiyar aƙida a 1985 mai kallon Albaniya a matsayin abin koyi, wanda ba abin mamaki ba ne ga masu yaƙi da gwamnatin Mengistu da Masko take ɗaure wa gindi. Lokacin da suka shiga Addis Ababa a Mayun 1991 sun ajiye wannan magana, domin abin koyin nasu yana rushewa a gabansu.

Magajin Hoja, Ramiz Alia, ya yi ƙoƙarin sassautawa a hankali amma lokaci ya ƙure masa. A Yulin 1990 dubban mutane suka kutsa ofisoshin jakadancin ƙasashen waje a Tirana suna neman fita, a Nuwamba aka yi sallah da addu'ar coci a fili a Shkodër karo na farko cikin shekaru 23, a Disamba ɗalibai suka tilasta amincewa da jam'iyyun adawa, kuma a ranar 20 ga Fabrairun 1991 jama'a suka kayar da ƙaton mutum-mutumin Hoja a dandalin Skanderbeg. A Agustan wannan shekara wani jirgin dakon kaya mai suna Vlora ya isa tashar Bari ta Italiya ɗauke da mutane kimanin 20,000, maƙale har a kan igiyoyinsa. Jam'iyyar ta canja suna ta koma ta 'yan gurguzu masu sassauci, ta faɗi zaɓe a Maris na 1992. PCdoB ta Brazil ta bar layin, ta shirya da Sin, ta shiga ƙawancen gwamnatin Lula. Waɗanda suka tsaya a kan bakansu sun taru a birnin Quito na Ekwado a 1994 suka kafa wani dandali na ƙasa da ƙasa da yake ci gaba da taro har yanzu, kuma jam'iyyun Ekwado da Turkiyya da Tunisiya da Benin da Burkina Faso suna cikin waɗanda aka fi jin muryarsu a cikinsa.